Jinsin Abin da Ya Sare Ni

Har yau in Inna ta ja tsintsiya a kan daɓen siminti sai na ɗage ƙafafuna. Ba na sanin na yi. Sai dai in tsinci kaina a naɗe bisa tabarma kamar kaza kan ƙwai, ita kuwa ta tsaya da tsintsiya a hannu tana dubana. Wani lokaci ta yi dariya, wani lokaci ta ce, "Allah shi sawwaƙe," ta ci gaba da shararta. Ba tsintsiyar nake tsoro ba, ƙarar ce. Wannan shar-shar ɗin na busasshen abu yana gogar busasshen abu. Shi na ji a cikin tulun tantabara a daminar nan da ta wuce, kuma kunnena ya ƙi mantawa.

Ƙauyenmu yana ƙasar Dogarawa. Ni kuma ina karatu a lise, wato babbar sakandare, a Birnin Konni, ina zaune wurin gwaggona, sai babban hutu nake komawa gida. Duk sadda na koma, Inna takan miƙa mini aikin tantabarunta tun ban kwance kaya ba. Tana kiwonsu a cikin tsofaffin tulunan da bakinsu ya karye, an kwantar da su a jere bisa katangar bayan rumbu an liƙe da laka. Aikina in zuba musu gero da ruwa da safe, in sa hannu cikin kowane tulu in ji ko akwai ƙwai, ko ƴan shila sun isa yanka. Tun ina ƙarama nake yi. Ban taɓa leƙawa ba kafin in sa hannu, don babu abin da ake gani a ciki sai duhu.

Amma kafin in kai ga ranar, sai na faɗi wata hira da muka yi a farkon hutun, don ita ta jawo mini abin da ake yi mini yanzu.

Da la'asar ce, muna zaune a inuwar rumbu. Baba yana gyaran ƙotar hauya, Inna tana tsince wake, ni kuma na buɗe littafin ilimin halittu ina bita. Sai ga taubashina, ɗan kawuna, ya shigo da motonsa, wato babur. Yana aiki da manyan motocin da ke ɗaukar siminti daga Malbaza, kuma in ya samu hutu gidanmu yake fara sauka, wai don ya duba lafiyar baiwarsa. Ni ce baiwar. Tun muna yara haka yake kirana, ni ma ba na raga masa.

"Baiwata, mi aka koya muku a lakwal bana? Ko dai har yanzu zanen kwaɗo?"

Na ce masa abin ya fi ƙarfin mai dakon buhu. Baba ya ce in faɗa musu dai su ji. Ni kuwa da ma ina neman wanda zan yi wa burga, sai na gyara zama na fara.

Na ce masana sun raba duk wani abu mai rai kamar yadda ake raba mutanen gari. Akwai babban dangi, cikin dangi akwai gidaje, cikin kowane gida akwai ɗakuna. Ɗakin shi ne ainihin iri, kamar a ce jaki. Gidan kuwa, wanda ya haɗa iri-iri masu kusancin jini, shi ake kira genre da faransanci, mushenmu kuma, kamar yadda muke kiran malami namiji, ya ce da Hausa mu ce jinsi. Shi ya sa kowace halitta ke da suna biyu a littafi, na gidansu a gaba, nata na kanta a baya. Na ce misali jaki da doki, jinsinsu guda, ɗaki ne kawai ya raba su.

Baba ya ɗago kai. "Rage murya, kar doki shi ji ki."

Na ce albasa da tafarnuwa ma jinsi guda. Kare da dila ma haka.

"Wannan na yarda," in ji taubashina. "Duka ɓarayi ne. To akuya da tunkiya hwa?"

Na ce su ba jinsi guda ba ne.

"Turke guda, dusa guda, wuƙa guda ran layya, amma ba jinsi guda ba? Gero da dawa?"

Na ce su ma dabam.

"Gona guda, rumbu guda, turmi guda!" Ya juya wurin Baba. "Baba, a maido muna da ɗiyarmu gida, an ɓata ta."

Inna, da ba ta ɗaga kai daga wakenta ba, ta tambaya, tantabarunta da kurciya fa? Na ce dangi ɗaya ne, amma gida dabam. Ta ce wannan ba sai an je Konni ba, ai kurciya ba ta da tarbiyya, ta ci geronka ta tashi ko sallama babu.

Na ce musu abin da mushe ya fi nanatawa shi ne kada kama ta ruɗe mu. Abu biyu suna iya kama kamar an tsaga kara, a duba ciki a tarar ko maƙwabtaka ba su haɗa ba. Ya kan ce kama da wane ba ta wane.

"To ni da ke?" in ji taubashina.

Na ce, duk da abin kunya ne gare ni, duk ɗan Adam jinsi guda ne, iri guda.

"A'a, tsaya. Kullum a rediyo ana cewa jinsin maza, jinsin mata. Ke kuma kin ce jinsi guda muke. Wa ke ƙarya, ke ko rediyo?"

Nan na ɗan daburce. Na ce ba wanda ke ƙarya, kalmar ce ke da riguna da yawa. A ajin halittu ita ce gidan da na faɗa. A ajin faransanci kuwa, in madam, malamarmu, ta nuna kalma ta ce genre, so take ka ce namiji ce ko mace, masculin ko féminin. Tun muna firamare ake dukan mu a kan wannan, har ya zama ko cikin barci aka tambaye ka sai ka amsa. A bakin titi kuma ba ta nufin komai sai "wane iri", kamar a ce wane irin mutum ne wannan. Hausar ma haka take yi da jinsi.

Ya girgiza kai ya ce shi dai kalma mai canza riga sau uku a yini ba zai ba ta ajiyar komai ba. Aka yi dariya, aka tashi. Ban sake tuna hirar ba sai ranar da abin ya faru.

Da hantsi ne, an kwana ana ruwa, ƙasa ta yi taushi. Na fito da gero a ƙwarya na tarar tantabarun duk sun hau kan rumbu sun yi cirko-cirko. Na watsa geron, ba wadda ta sauko. Na yi musu tsaki na ce ƙoshi ne, na hau dutsen da nake takawa na fara bin tulunan. Da na kai na ƙarshe, wanda bakinsa ya fi karyewa, na zura hannu har gwiwa. Maimakon ɗumin da na saba ji, sai na ji sanyi. Sanyin ya motsa. Sai ƙarar nan, shar-shar, shar-shar, sai wani abu ya bugi bayan hannuna. Na fizge hannun da duk ƙarfina, na faɗo daga kan dutsen.

Ina kwance a ƙasa na gan shi ya leƙo bakin tulun. Ruwan ƙasa ne, da ɗigo-ɗigo masu duhu a bayansa, ya lanƙwashe jiki yana gogar kansa da kansa. Na dubi hannuna, ga ƴan tsagu biyu kusa da juna, jini na fita.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san wannan launi da wannan ƙara. Kububuwa. Wadda ake yi wa kirari da gobe-da-nisa, don wanda ta sara sai an yi da gaske yake ganin goben. Na san wata maƙwabciyarmu da ta sara a gonar wake ina ƙarama. Ta dawo gida da ƙafarta tana magana, tana cewa ba komai. Daga baya jini ya fara fito mata ta dasashi, ya ƙi tsayawa.

Na kurma ihu. Inna ta fito a guje, na nuna tulun na ce, "Kubu..." Ban ƙarasa ba ta rufe mini baki da tafinta mai ƙanshin daddawa.

"Kul! Kar ki kira sunanta! In anka kira suna dahin hawa shikai. Igiya ce. Kin ji ko? Igiya."

Inna ba ta taɓa kiran maciji da sunansa ba, ko wane iri ne. Igiyar ƙasa take cewa, haka ta gada wurin uwarta. A da ina yi mata dariya a kan wannan. Ran nan kuwa na haɗiye sunan na danne shi da harshe, don ba ni da niyyar gwada ko gaskiya ne da jikina. Ta cire kallabinta ta ɗaure mini dantse tamau har yatsuna suka fara tsami.

Allah ya sa taubashina ya kwana ƙauyen. Ihun ya kawo shi. Bai tambayi komai ba, ya dubi hannun, ya tada moto. Aka ɗora ni a tsakiya, Inna a bayana ba kallabi, ta ƙanƙame ni. Muna fita na hangi Baba ya nufi bayan rumbu da sanda.

Tsakaninmu da likitar da ke babban ƙauye, wato ƙaramin asibitin, akwai ƴar tafiya, rabi laka rabi kwalta. Abin da ya fi ba ni tsoro a hanyar nan ba hannun ba ne, shirun taubashina ne. Mutumin da ko gaisuwar mutuwa aka je sai ya samu abin da zai tsokane ni da shi a ƙofar gida, ga shi ya sunkuyar da kai yana ta murɗa moto, uffan bai ce ba. Na ce a raina, shi ke nan, tunda wannan ya yi shiru, ta tabbata. Da muka hau kwalta motocin siminti suka riƙa wuce mu suna watsa mana ruwan kwatami, bai ko ɗaga wa abokan aikinsa hannu ba. Ni kuma ina ta lasar dasashina ina neman ɗanɗanon jini. Can na ji shi, gishiri-gishiri. Na tofa a tafin hannu don in gani, iska ta kwashe ta manna a bayan rigarsa, ja-ja. Na fashe da kuka. Sai daga baya aka gane leɓena na ciza sadda na faɗo.

Majon likitar, wato babban ma'aikacin da ke riƙe da wurin, baƙo ne, daga yammacin ƙasa aka turo shi bai daɗe ba. Dogo ne mai sanyin magana, Hausarsa kuwa ta sayen tumatir ce. Muna shiga Inna ta ɗaga hannuna sama tana cewa, "Igiya, likita! Igiya ce! Igiya!"

Ya dubi hannun, ya dubi kallabin da ya nutse cikin dantsena, ya gyaɗa kai. "I, igiya. Igiya ba kyau. A kwance." Ya kama kallabin ya warware.

"Ba wagga igiya ba!" in ji Inna. "Ta ƙasa! Mai tahiya!"

Majo ya dubi ƙasa. Ba igiya a ƙasa. Ya dubi taubashina yana neman agaji.

"Maciji, majo," in ji taubashina. Inna ta yi salati ta harare shi. Majo ya gane nan take, fuskarsa ta sauya, ya zaunar da ni a kan gado ya jawo hannun kusa da taga. Ya tambaya da guntuwar Hausarsa, wane maciji? Taubashina ya ce shi bai gani ba. Inna ta ce ita ba za ta faɗa ba ko za a yanka ta. Sai taubashina ya nuna ni ya ce, "Ita tag gani. Ƴar lise ce, majo, yi mata faransi."

Majo ya sauke ajiyar zuciya kamar wanda ya ga ɗan garinsu a tasha. Ya durƙusa daidai fuskata ya ce a hankali, "Quel genre de serpent?" Wato wane irin maciji ne.

Ina so a yi mini adalci a nan. Na ji tambayar sarai. Amsar ma tana bakina, amma Inna na tsaye a kaina ta zuba mini ido, sunan kuma an hana ni taɓa shi. Sunan da ke cikin littafi, na gidan su kububuwa, na neme shi sama da ƙasa a kaina, ya gudu. Kunnena na ƙara, hannuna na zogi, ga mutum mai farar riga ya tsaya gabana yana jiran amsa da faransanci, ya ce genre. Sai yarinyar firamaren da ke cikina, wadda ta sha bulala a kan le na namiji da la na mace, ta miƙe tsaye ta karɓi tambayar. Na ji bakina ya buɗe da kansa, da muryar aji, tsaf, ba gargada:

"Masculin."

Majo ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi rufin ɗaki yana cizon leɓe. Taubashina bai yi nisa a lakwal ba, amma kash, ya kai inda ake koyar da wannan. Na ga kafaɗunsa sun fara rawa. Ya juya wa bango fuska, wata irin ƙara ta kuɓuce masa kamar akuya ta shaƙe da dusa.

"Mi tac ce?" in ji Inna. "Kai, mi tac ce?"

"Inna, cewa ta yi namiji ne."

"Namiji? Ke, yaushe kinka tsaya duba wannan?"

Nan ya zube a kan benci yana dariya yana share ido da hannun riga, kuma ban tabbata duka hawayen na dariya ne ba. Ni ko murmushi ban yi ba. Amma wani abu ya ɗan saki a ƙirjina, don na ce tunda ya dawo da dariya, wataƙila da sauran kwana.

Majo ya sake dabara. Ya ce in bar suna, in gaya masa launi. Na gaya masa. Ya ce ya yi wata ƙara? Na haɗa tafin hannuna mai lafiya da zanena na goga, shar-shar. Sai dariyar ta bar ɗakin gaba ɗaya. Ya miƙe ya ɗauko allura.

Ya yi mini bayani, ni kuma ina juya wa Inna da Hausa. Ya ce dafin waccan abar yana hana jini daskarewa. Zai ɗebi jinina ya zuba a busasshiyar kwalba, a ajiye ba a taɓawa na ɗan lokaci. In ya daskare, alama ce mai kyau. In ya zauna kamar ruwa, ba zama, Konni za mu wuce a yi mini allurar dafi. Ya ɗebi jinin, ya jingine ƴar kwalbar a bakin taga, ya fita da salula yana neman mota don ko ta kwana.

Ban taɓa kallon wani abu a duniya kamar yadda na kalli kwalbar nan ba. Ƴar siririya ce, ba ta fi yatsa ba. Inna ta zauna a ƙasa ta riƙe ƙafata tana karanta duk abin da ta sani. Taubashina ya ciro rigarsa ya ga jan tofin da ke baya, ya naɗe ta ya ɓoye a bayansa don kada in gani, bai san na riga shi gani ba. Wani ƙuda ya zo ya sauka a bakin kwalbar, na ji kamar in roƙe shi ya tashi kada ya girgiza ta. Ina ta duban hannuna ko ya kumbura. Wani lokaci in ga ya kumbura, wani lokaci in ga bai yi ba.

Muna cikin haka Baba ya iso a kan keke, laka har gwiwa, da tsohon buhun siminti ɗaure a baya. Bai shigo ba, ya tsaya a baranda ya zazzage buhun. Abin ya faɗo a miƙe, matacce. Na hange shi ta ƙofa, na kau da kai.

"Ga ta nan," in ji Baba. "Ita ce. A cikin tulun na same ta."

Majo ya tsuguna ya daɗe yana dubawa. Ya ɗauko wani ƙarfe mai kama da hantsaki ya juya kan. Ya buɗe bakin ya leƙa, ya sa tsinke ya shafa sama da ƙasa. Sai ya bi wuyan da yatsa, inda ya ɗan yi tudu, ya matsa. Wani farin abu ya zamo ta bakin, a murƙushe, a dunƙule kamar an tauna takarda.

Inna ta leƙa ta kan kafaɗarsa. "La ilaha! Ɓawon ƙwan tantabarata!"

Majo ya kira ni da hannu. Na ƙi. Taubashina ya kamo ni ya kawo ni bakin ƙofa, na tsaya a bayansa ina leƙe. Majo ya ce in dubi kan, ɗan ƙarami ne, kusan kauri ɗaya da wuyan, ba mai faɗi ba irin na waccan. Ya ce in dubi bakin, babu fiƙa ko ɗaya. Ya ce wannan macijin ƙwai ne, ƙwan tsuntsu kawai yake ci, ya haɗiye ya fasa a maƙogwaro ya tofar da ɓawo. Ba shi da dafi, haƙoran kirki ma ba shi da su. Tunda ba shi da abin faɗa, sai ya ari rigar waccan, ya ari muryarta, in an matsa masa ya kai bugu da baki don a ji tsoro. Sai ya dube ni, idonsa na dariya, ya ce da faransanci, ba genre ɗaya ba ne, madmazel, ko dangi ba su haɗa ba.

Na juya wa su Baba maganar. Ina cikin faɗa na ji ina maimaita abin da na faɗa musu a inuwar rumbu, kusan kalma da kalma. Baba ya sake duban abin da ya kashe ya ce shi dai da ya sake ganin irinsa sai ya sake bugawa, a yi binciken gidansu daga baya. Majo ya ce hakan ya fi, kuma ko shi ba zai sa hannu a tulu don ya tantance ba.

Amma ya ce kada mu yi murna tukuna, gawar maciji ba ta sallamar marar lafiya, wa ya sani ko su biyu ne a tulun. Kwalba ce za ta faɗa. Muka koma ciki. Ya ɗauke ta daga bakin taga a hankali, ya ɗaga ta sama inda kowa zai gani, ya karkata ta. Na rufe ido. Na ji Inna ta ce, "Alhamdu lillahi," da wata murya da ban san tana da ita ba. Na buɗe. Ya kifa kwalbar baki ƙasa, jinin yana manne a gindinta kamar kafaffen kunu, ko ɗigo bai zubo ba.

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ya fi na hanya. Majo ya wanke tsagun da ke hannuna, ya ciro wani ɗan baƙin abu daga ɗaya ya nuna mini a kan auduga. Ɓarɓashin tulu ne. Karyayyen bakin tulun ne ya yanke ni sadda na fizge hannu. Duk da haka ya riƙe ni har la'asar, ya sake ɗibar jini, shi ma ya daskare, sannan ya ce mu tafi.

Muna fita taubashina ya tsaya kan gawar macijin, ya sa hannu a baya kamar mai duba ragon saye.

"Majo, saura tambaya guda. Namiji ne ko mace?"

Majo ya juya abin da ƙafar takalmi, ya ɗaga kafaɗa, ya nuna ni da haɓa. Da Hausarsa ta tumatir ya ce, "Ni ban sani ba. Ita ta sani."

Kafin mu kai gida labarin ya riga mu. Ban san ta yaya ba, tunda a moto ɗaya muke, amma na san wa zan zarga. Yanzu a gidanmu ba a tambayar irin komai sai an sako ni. Inna ta aiki yaro sayen sabulu ya ce wane iri, sai a ji daga ɗaki an ce namiji. Baba, wanda ban san shi da wasa ba, ranar kasuwar da ta biyo ya dawo da sabuwar fitila ya ajiye gabana ya ce in duba masa, kada a ce an sayar masa da mace. Gwaggona ta Konni ma ta bugo waya, bayan ta gama yi mini barka ta ce ashe karatun da ake yi a ɗakinta bai tafi banza ba. Na ce wa Inna ita fa ta jawo, da ta bar ni na kira sunan da ba a yi haka ba. Ta ce da na kira sunan wa ya san abin da kwalba za ta nuna. Na ce ai ba kububuwar ba ce. Ta ce to, ba ga shi ba.

Ina dariya tare da su, da gaske nake yi. Amma ba na sa takalmi sai na kakkaɓe, ba na ɗaga murfin tukunya sai da ludayi. Kaina ya san jinsi biyu ne, ya san ɗaya ba ya iya kashe ko ɗan tsako. Hannuna ne bai yi lakwal ba. Shi abin da ya sani sanyin nan da ya motsa.

Inna ta ɗauke mini aikin tantabaru na ƴan kwanaki, sannan wata safiya ta ajiye ƙwaryar gero a gabana ta shige madafa. Na daɗe zaune ina kallon ƙwaryar. Da na zagaya bayan rumbu na tarar Baba ya cire karyayyen tulun ya liƙa wani. Tantabarun suna ƙasa suna ta kai da kawowa, wannan ya ɗan kwantar mini da rai. Na watsa musu gero, na hau dutsen, na kunna fitilar salula na haska cikin tulun farko.

"Baiwata!" Ashe taubashina yana zaune kan katanga yana cin gyaɗa. "Ki yi sallama tukuna. Ki tambaya, mushe ne a ciki ko madam?"

Na ce masa in ya isa ya sauko ya sa nasa hannun. Ya ce shi bai yi lise ba, ba zai gane amsar ba.

Na leƙa. Ƴan tsinkaye, kashin tantabara, da ƙwai biyu farare a tsakiya. Na haska kowane lungu, na sake haskawa. Na yi bisimilla, na zura hannun a hankali, har yatsuna suka taɓa ƙwan. Da ɗuminsa.